Zaɓen Fulotin Gina Gida A Kan Tsauni: Abubuwan Da Ya Kamata Mai Saye Ya Bincika Kafin Ya Biya Kuɗi

A cikin 'yan shekarun nan, 'yan kasuwa da manyan ma'aikata da dama sun mai da hankalinsu ga filayen da ke kan tuddai da gefen duwatsu domin gina gidajen zamansu. Ana ganin wannan a Jos da kewayenta, da unguwannin Abuja irin su Asokoro da Maitama da Katampe da Guzape, har ma da tsaunin Mambila a Jihar Taraba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Garin Jos yana bisa tudun da ya kai kimanin mita 1,200 daga doron teku, tsaunin Mambila kuwa ya kai kimanin mita 1,600, kuma a duk hawan mita 1,000 zafi yakan ragu da kimanin digiri 6 a ma'aunin Salshiyas. Ga wanda ya sha zafin bazara a Sakkwato ko Maiduguri, wannan kaɗai ya isa ya ja ra'ayinsa, balle a haɗa da iska mai daɗi da nisa daga hayaniyar gari da kuma hangen birni daga ƙofar gida.

To, amma masu iya magana sun ce hangen Dala ba shiga birni ba ne. Abin da dillali ke tallatawa a irin wannan fili shi ne kyan gani, abin da mai saye zai zuba wa kuɗi kuwa shi ne ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafarsa. A shimfiɗaɗɗen fili, mutum yakan zana gidan da ransa ke so, sa'an nan ya nemi inda zai aza shi. A kan tsauni filin ne ke da ta cewa a kan irin gidan da za a gina, da kuma abin da zai ci. Sau da yawa kuɗin daidaita ƙasa da tare ta da fitar da hanya da kawo ruwa yakan zarce kuɗin da aka sayi fulotin da shi, kuma duk wannan kafin a aza bulo ko ɗaya. Saboda haka duk wanda ke shirin sa jarinsa a irin wannan wuri, akwai bincike da ya wajaba ya yi tun kuɗinsa na hannunsa.

Gangarar Fili

Abu na farko da ake aunawa shi ne gangara, wato yawan saukar da ƙasa ke yi daga wannan kusurwa ta fuloti zuwa waccan. Ido yana yaudara a nan, musamman idan ciyawa ta rufe wurin, shi ya sa ake bukatar safiyo ya zo da na'urarsa ya fitar da taswirar da ke nuna tudu da kwarin filin gaba ɗaya.

Lissafin ba shi da wuya. A ɗauki fuloti mai faɗin ƙafa 50 da tsawon ƙafa 100, wato kimanin mita 15 da mita 30. Idan ƙasa na sauka mita 1 a cikin kowace mita 20, bambancin da ke tsakanin gaba da bayan filin mita 1 da rabi ne, kuma maginin kirki zai iya shawo kansa da harsashi mai matakala. Idan saukar ta kai mita 1 a cikin 10, bambancin ya zama mita 3, tsayin ɗaki guda ke nan. Idan kuwa ta kai mita 1 a cikin 5, to bambancin mita 6 ne, daidai da bene mai hawa biyu, kuma daga nan aiki ya fita daga hannun birkila ya koma hannun injiniya.

Wanda ya dage sai an mai da filin nan mai saukar mita 3 shimfiɗaɗɗe ta hanyar yanke tudun baki ɗaya, zai kwashe ƙasar da ta kai kubik mita 675. Tifa mai ɗaukar kubik mita 10 za ta yi sawu kusan 70, ban da kuɗin hayar katafila da man da za ta sha. Bayan haka kuma an bar masa gaɓa mai tsayin mita 3 a bayan gida, wadda dole a gina mata katangar tokare ƙasa. Irin wannan katanga ta bambanta da katangar gida da aka saba yi da bulo. Tana bukatar kankare da rodi ko kuwa ginin dutse mai kauri, da tsakuwa a bayanta, da ƙofofin da ruwa zai riƙa tsiyayewa ta cikinsu, domin jiƙaƙƙiyar ƙasa ta fi busasshiya nauyi da ƙarfin turi nesa ba kusa ba. Yawancin katangun da ke faɗuwa a tsakiyar damina ruwan da ya taru a bayansu ne ke kayar da su.

Akwai kuma dabarar da 'yan kwangila ke so saboda sauƙinta, wato a yanke rabin tudun a cike rabin kwarin da ƙasar da aka yanko. Haɗarin da ke ciki shi ne rabin gida zai zauna a kan ƙasar asali mai tauri, ɗaya rabin kuma a kan ciko. Idan ba a daddaɓe cikon nan hawa-hawa da inji ba, bayan damina biyu ko uku zai lotsa, bango ya tsage tun daga harsashi har rufi, ƙofofi su ƙi rufuwa. Gyaran irin wannan ɓarna ya fi ginin farko tsada. Mafita ita ce a sauke harsashi har ya taɓa ƙasar asali, ko kuma mai zanen gida ya tsara ginin ya bi gangarar daki-daki, garejin mota da ɗakin ajiya a ƙasa, ɗakunan zama a sama. Wannan ba sabuwar hikima ba ce a ƙasar nan. Mutanen Sukur da ke tsaunukan Mandara a Jihar Adamawa, wurin da hukumar UNESCO ta sa cikin jerin wuraren tarihi na duniya a shekarar 1999, sun daɗe suna yanka gefen dutse matakala-matakala suna tokare shi da jeren duwatsu ba tare da siminti ba, ruwa na wucewa ta tsakaninsu, ƙasa kuma na nan inda take.

Hanyar Ruwa

Babban abokin gabar gida a kan tsauni shi ne ruwan sama. Jos na samun kimanin milimita 1,300 zuwa 1,400 a shekara, mafi yawansa tsakanin Afrilu da Oktoba, Mambila kuwa ta fi haka. Ruwan da ya sauka a kan falalen dutse ba ya nutsewa, gangarowa yake yi da gudu yana neman kwari, kuma hanyar da ya saba bi shekara da shekaru ita zai bi ko an gina gida a kanta ko ba a gina ba.

Don haka lokacin da ya fi dacewa a duba fuloti shi ne watan Agusta, jim kaɗan bayan an ɗauke ruwa mai ƙarfi. Dillalai sun fi son kai mai saye da rani, lokacin da ƙorama ta ƙafe ta zama kamar 'yar hanyar ƙafa. Wanda bai sami damar zuwa da damina ba, sai ya karanta alamun da ruwa ya bari: rairayi mai laushi da ya kwanta a wuri ɗaya, tarkacen ciyawa da leda da suka maƙale a jikin itatuwa, 'yan kwazazzabai da suka fara cin gefen fili, da kuma wurin da ciyawa ke zama kore shar a tsakiyar rani, wanda ke nuna akwai maɓuɓɓuga a ƙasa. Haka kuma ya ɗaga kai ya dubi abin da ke samansa. Fulotin da ke sama wanda babu kowa a cikinsa yau, gobe za a gina shi a shafe tsakar gidansa da siminti, duk ruwan rufinsa da na harabarsa ya kwararo kan na ƙasa.

Gindin dutse da bakin rafi su ne wuraren da suka fi haɗari, su ne kuma suka fi araha. A watan Yulin 2012, ruwan sama kamar da bakin ƙwarya ya haddasa ambaliya a unguwannin Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo a Jos, inda fiye da mutum 30 suka rasa rayukansu, gidaje masu yawa da ke kusa da rafi suka rushe. Wannan ya faru ne a garin da mutane da dama ke zaton tsayinsa ya raba shi da ambaliya.

Haɗari na biyu shi ne zaftarewar ƙasa. Idan ruwa ya ratsa ƙasar da ke kwance a kan dutse mai gangara, yakan mai da tsakaninsu santsi, sai ƙasar ta sulluɓo gaba ɗaya da duk abin da ke kanta. A watan Oktoban 2019, a garin Bafusam da ke tsaunukan yammacin Kamaru, waɗanda suke haɗe da tsaunin Mambila, gefen tudu ya rufta cikin dare a kan gidajen da aka gina a jikinsa, fiye da mutum 40 suka mutu. Kafin nan, ranar 14 ga Agustan 2017, wani ɓangaren tsauni ya zaftare a bayan birnin Firitawun na ƙasar Saliyo, inda fiye da mutum 1,000 suka mutu ko suka ɓace, kuma sare itatuwa da yin gine-gine barkatai a jikin tsaunin na cikin abubuwan da aka ɗora wa laifi. Ƙasar da ke motsi a hankali takan ba da sanarwa tun da wuri. Itatuwa da turakun lantarki sukan karkata wajen kwari, ƙasa takan dare a saman gangara, katangun maƙwabta sukan yi ciki ko su tsage. Wanda ya ga waɗannan alamu ya kuma biya kuɗi, ya zama kamar wanda ya sayi rariya, ya san za ta zubar da ruwa. Manyan duwatsun da ke ɗore a kan juna, waɗanda suka ƙawata ƙasar Filato, su ma abin lura ne, domin yanke ƙasar da ke gindinsu ko fasa dutse a kusa da su na iya sa su mirgino.

Abin Da Ke Ƙarƙashin Ƙasa

Bayan an gama da abin da ido ke gani, sai a koma ga abin da ke binne. Gwajin ƙasa, wanda injiniya ke yi ta hanyar haƙa ramuka a wurare daban-daban na fulotin da kai samfuri ɗakin bincike, shi ne ke nuna zurfin da dutse yake, da nauyin da ƙasar za ta iya ɗauka, da kusancin ruwa. Kuɗinsa kaɗan ne idan aka gwada da kuɗin gini, amma shi ne abin da masu gina gidajen kansu suka fi tsallakewa.

Dutse mai tauri kyakkyawan mazauni ne ga harsashi, sai dai duk wani rami da gida ke bukata, na salga da na tankin ruwa da na bututu, sai an fasa shi. Fasawa da guduma da wuta na cin lokaci da kuɗin leburori, fasawa da nakiya kuwa sai da izinin hukuma da ƙwararru masu lasisi, kuma a unguwar da gidaje suka kewaye ba lalle ne a ba da izinin ba. A watan Satumban 2018, bayan motsin ƙasa da aka ji a Mpape da wasu sassan Abuja, hukumar Babban Birnin Tarayya ta dakatar da fasa duwatsu da haƙar rijiyoyin burtsatse a yankin na wani lokaci. Marmara da jar ƙasa mai tsakuwa sun fi sauƙin aiki kuma suna ɗaukar nauyi. Baƙar laka mai kumbura da damina ta tsattsage da rani ita ce abar gudu, domin tana ɗaga harsashi tana sauke shi kowace shekara.

Ƙasar Filato tana da wata matsala ta daban wadda tarihi ya bar mata. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa suka shiga haƙar kuza a yankunan Bukuru da Rayfield da Barikin Ladi da sauransu, aikin da ya ci gaba har zuwa faɗuwar farashin kuza a kasuwar duniya a shekarar 1985. Abin da ya rage shi ne ɗaruruwan kududdufai masu zurfi, da tarin ƙasar da aka tono, da ramukan da aka cike ciyawa ta rufe su. Ƙananan masu haƙa kuma sun ci gaba da tona rijiyoyi masu rassa a ƙarƙashin ƙasa. Fili na iya zama shimfiɗaɗɗe gwanin sha'awa alhali tsohon ciko ne mai zurfin mita da yawa. A nan tambayar dattawan unguwa tana da amfani ƙwarai, domin su suka san inda aka yi haƙa da inda ba a yi ba. Bugu da ƙari, binciken masana ya nuna cewa rairayin da ya rage bayan an tace kuza na ɗauke da wasu ma'adinai masu fitar da radiyeshin, wato wani irin tururi marar ganuwa da ke iya cutar da lafiya idan an daɗe ana zaune tare da shi. Bai kamata a yi bulo ko yaɓe da irin wannan rairayi don arahar sa ba, kuma fulotin da ke kan tsohon wurin tace kuza yana bukatar awo kafin a yanke shawara.

Hanya Da Ruwan Sha Da Lantarki

Gida ba ya ginuwa sai kaya sun isa wurin. Mai saye ya tambayi kansa ko tifa cike da yashi ko tirela ɗauke da siminti za ta iya hawa zuwa bakin fulotin a cikin watan Agusta. Idan ba za ta iya ba, kowane buhu da kowane bulo sai an sauke shi a ƙasa an sake ɗaukarsa a ƙaramar mota ko a ka, kuma wannan ƙarin zai bi kowane mataki na ginin. Ya kuma tabbata hanyar tana cikin taswirar gwamnati. Hanyar da ta ratsa ta gonar wani bisa alfarma tana iya rufewa ranar da mai gonar ya sayar ko ya rasu magada suka raba.

Tsaunin Mambila misali ne babba. Duk siminti da rodi da kwanon rufin da za a yi aiki da su a Gembu ko Nguroje sai sun hau doguwar hanyar nan mai lanƙwashe-lanƙwashe da ta tashi daga Mayo Selbe, bayan tafiyar awoyi masu yawa daga Jalingo, saboda haka farashinsu a can ya ɗara na biranen da ke ƙasa. Mai hikima yakan tsara gidansa ta yadda zai ci moriyar abin da wurin ke da shi, kamar dutse da bulon ƙasa da katako. Kada kuma a sa alkawarin gwamnati cikin lissafin darajar fili. An shafe fiye da shekara 40 ana maganar babbar tashar lantarki ta Mambila, kuma wanda ya sayi fili tun farko da zaton wuta na tafe ya sha jira.

Game da ruwan sha, ruwan famfo ba safai yake da ƙarfin hawa tudu ba, rijiyar burtsatse kuwa a ƙasar dutse sa'a ce, domin ruwan yana cikin tsagogin dutsen ne kawai. Maƙwabci na iya samun ruwa, a matsa 'yan mitoci a haƙa a tarar da ƙura. Ya kamata a sa masana su yi awon neman ruwa kafin saye, tare da sanin cewa awon yana rage kasada ne, ba ya kawar da ita. Sai dai tsauni yana da tasa kyautar. Kowace milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya na rufi lita ɗaya ce. Rufi mai murabba'in mita 200 a wurin da ake samun milimita 1,300 zai tara lita 260,000 a shekara, wato durom 1,300 na lita 200. Fulotin da ke da wurin aza babban tanki a sama da gida zai ba da ruwa a famfo ba tare da inji ba. Ramin salga kuma a sa shi a ƙasa da rijiya, da tazarar aƙalla mita 30, tare da la'akari da rijiyar maƙwabcin da ke gangare, domin ƙazantar da ta bi tsagar dutse tana tafiya nesa.

Ƙololuwar tudu ita ce ta fi kyan hange, ita ce kuma ta fi shan iska da tsawa. Hadari a wannan yanki yakan taso daga gabas da guguwa mai yaye rufi, iskar hunturu kuma daga arewa maso gabas take busowa, kuma a Jos sanyin dare a watannin Disamba da Janairu yakan sauka ƙasa da digiri 10. Fulotin da ke ɗan ƙasa da ƙololuwa, wanda tudu ko itatuwa suka kare ta gabas, ya fi daɗin zama kuma ya fi sauƙin kulawa. Duk gidan da ya fi kewayensa tsayi yana bukatar ƙarfen kare tsawa da rufi mai ƙarfin ɗauri.

Takardun Fili

Fili na iya cika duk sharuɗɗan da aka ambata, takarda ta rushe cinikin. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta danƙa dukkan ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da mutum ke samu shi ne izinin zama, yawanci na shekara 99, wanda takardar shaidar mallaka da aka fi sani da C of O ke tabbatarwa, kuma sayar da irin wannan fili ko jinginar da shi na bukatar amincewar gwamna. A karkara ƙaramar hukuma na ba da izinin zama na gargajiya. A Abuja kuwa Ministan Babban Birnin Tarayya ne kaɗai ke da ikon ba da fili, saboda haka takardar da mai unguwa ko sarkin ƙauye ya sa wa hannu ba ta kare gini daga katafila, kamar yadda mutane da yawa suka gani a rushe-rushen da aka yi tsakanin 2003 da 2007.

Kafin a biya ko sisin kwabo, lauya ya binciki fayil ɗin filin a hukumar AGIS idan a Abuja ne, ko PLAGIS idan a Filato ne, ko Ma'aikatar Filaye da Safiyo ta jihar da abin ya shafa. Safiyo mai rajista kuma ya tabbatar cewa turakun da aka nuna a ƙasa su ne ke cikin takarda. Wannan bincike ya fi muhimmanci a kan tsauni, domin tsarin gari yakan keɓe kan duwatsu da bakin rafuka a matsayin wuraren da ba a gini, wasu kuma gandun daji ne na gwamnati ko hanyar manyan wayoyin lantarki. Idan gwamnati ta karɓe fili don amfanin jama'a, diyyar da doka ta tanada ta abin da aka gina ko aka shuka ce, ba ta farashin da aka sayi filin a kasuwa ba. Haka kuma tsarin mulkin 1999 da Dokar Ma'adinai ta 2007 sun mallaka wa Gwamnatin Tarayya duk ma'adinan da ke ƙarƙashin ƙasa, don haka a yankin da ake haƙa yana da kyau a san ko an ba wani lasisi a kan wurin.

Yawancin filayen bayan gari a Filato da Mambila na gado ne na dangi. A ƙa'idar da kotunan ƙasar nan suka daɗe suna bi, cinikin filin dangi ba ya inganta sai da hannun shugaban gidan tare da yardar manyan 'yan'uwa. Wanda ya saya daga hannun ɗa guda ya sayi shari'a. Wasu duwatsun kuma wuraren al'ada ne ko maƙabartun kakanni a wurin mutanen yankin, wasu filayen burtali ne ko makiyaya. Ziyarar mai unguwa da dagaci kafin ciniki ba ta maye gurbin takardar gwamnati, amma takan tona abin da takarda ba ta faɗa ba. Daga nan sai neman amincewar hukumar tsara gari da zanen ginin, kamar hukumar JMDB a Jos, tare da sa hannun injiniya mai rajista da COREN.

Darajar Gidan A Gaba

Ɗan kasuwa ba ya sayen kaya bai yi tunanin ranar sayarwa ba. Gidan da aka gina bisa son ran mutum ɗaya a wuri mai wuyar hawa yana da ƙarancin masu saye, kuma banki ba ya karɓar jinginar gidan da ba shi da cikakkiyar takarda. Matakala 40 da mai gida ke hawa da gudu yana da shekara 45 za su zame masa aiki idan ya kai 70. Nisa daga makaranta da asibiti da kasuwa da wurin ibada shi ma kuɗi ne da za a riƙa biya kullum a man mota. Batun tsaro kuma ba a kau da kai daga gare shi. Rikice-rikicen da Jos ta sha a 2001 da 2008 da 2010 sun sauya yadda jama'a ke zaɓen unguwa, mutane da dama sun sayar da gidajensu da hasara sun ƙaura, kuma tsaunin Mambila ma ya ga rikicin filaye a 2017. Gidan da ke shi kaɗai a bayan dutse yana bukatar mai gadi da katanga da fitilu, waɗanda duk suna cikin lissafi.

Mu ƙaddara an kawo wa mutum fulotai biyu, ɗaya a gangara mai sauƙi kusa da kwalta a kan Naira miliyan 10, ɗaya kuma can sama mai kyan hange a kan miliyan 6. Kwatancin gaskiya ba ya yiwuwa sai an sa mai ƙididdigar gini ya rubuta wa kowanne kuɗin yanke ƙasa da katangar tokarewa da magudanar ruwa da hanya da turakun lantarki da rijiya. Idan na saman zai ci ƙarin miliyan 9 kafin a fara harsashi, na ƙasan kuma miliyan 2, to mai arahar ya tashi a kan miliyan 15, mai tsadar a kan 12. Yana yiwuwa mai saye ya ga hangen ya cancanci bambancin, kuma wannan haƙƙinsa ne, muddin ya san abin da ya saya.

Tsarin da ya fi kare dukiya shi ne a fara da binciken takarda, sa'an nan awon safiyo, sai ziyarar injiniya da mai zanen gida tare da gwajin ƙasa da na ruwa, kuma a rubuta a cikin yarjejeniya cewa za a mai da kafin alƙalami idan bincike ya nuna aibi. Mai filin da ya ƙi amincewa da wannan sharaɗi, ko dillalin da ke cewa a yi sauri wani na tafe da kuɗi, ya riga ya ba mai saye amsar da yake nema. Tun ran gini, tun ran zane. Kuskuren fenti ko na tagogi ana gyara shi a mako guda, amma wanda ya yi kuskuren fuloti zai zauna da shi muddin gidan na tsaye, ya kuma bar wa magadansa.